Hoton Gwaggo da Ɗan Farinta

Ina aikin cika takardun kaya a wani ofishin kago a unguwar Deira lokacin da Gwaggo ta zo Dubai ganin likitan gwiwa. Yayar mahaifina ce. Ɗanta na fari, wanda ya ba ni shekaru masu yawa, shi ya aika mata da tikiti, kuma gidansa ta sauka, can Al Warsan.

Wannan taubashin nawa karatu ne ya kai shi Amurka, ya daɗe a can har ya zama ɗan ƙasa. Daga baya ya shiga harkar kayan sola, yana zuwa ƙasar Sin saro kaya. A can ya haɗu da matarsa, tana yi wa baƙi tafinta a wata masana'anta. Gidansu Musulmi ne tun kaka da kakanni. An ɗaura auren a garinsu, babu ko mutum ɗaya daga danginmu da ya samu zuwa. Shi zaman Sin ba ya yiwuwa gare shi sai da bizar da kullum ake faman sabuntawa, ita kuma ba ta da izinin shiga Amurka. Sai suka zauna Dubai a kan takardar aikinsa, suna jiran ofishin jakadancin Amurka ya kira ta intabiyu. Jiran ya yi tsawo. Kafin a sa mata rana, kamfaninsa ya sanar da shi ba za a sabunta kwantiraginsa ba. In ba a ba ta biza ba, ita ta koma Sin, shi ya koma Amurka, su ci gaba da aure ta waya har sai abin da hali ya yi.

Ranakun hutu gidansu nake wuni. Nakan hau jirgin ƙasa, in sauka in kama bas, in isa da ledar kuka da daddawa da na sayo wajen 'yan Kano a Deira. Amarya, haka muke kiranta har yau, takan ja taliya da hannu a kan teburin kicin, shi kuma yana gefe yana kaɗa miyar kuka, suna gardamar wane ne ya fi cika gidan da wari. Da Turanci suke magana. Ta koyi gaisuwa da Hausa, ta kuma koyi kirana ƙanin miji. Shi kuwa Farfesa yake ce mini, wai ko sunana aka tambaye ni sai na fara da "wataƙila".

A kusurwar falonsu akwai akwatin roba cike da takardu: shaidar aure da fassararta, takardar 'yan sandan Sin mai nuna ba ta da laifi, sakamakon gwajin asibiti. Lauyarsu, wata mata a Amurka da suke magana da ita ta waya, ta duba komai ta ce ya yi, sai abu guda. Hotunan da suka tara duk su biyu ne kawai, ko kuma da dangin matar. Jami'in da zai yi intabiyu yana iya tambayar kansa ko dangin mijin sun ma san da auren. Tunda mahaifiyarsa za ta zo, ta ce, a ɗauki hotuna da ita.

Kafin Gwaggo ta iso, Amarya ta tare ni a kicin.

"Ƙanin miji, koya mini yadda zan yi da ita. A wajenmu amarya takan miƙa wa uwar miji shayi da hannu biyu, ta zauna kusa da ita a tebur, tana zuba mata nama a kwanonta. Haka kuke yi?"

Na ce mata ban tabbata ba, gida-gida ne, amma a ganina zai fi kyau ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe ta. Kada ta kalle ta ido cikin ido. Kada ta ci abinci a gabanta. Kada ta zauna kujera ɗaya da mijinta in Gwaggo tana falon. Duk abin da na ga surukai suna yi a gida na zayyana mata, har da wanda ni kaina ban san dalilinsa ba. Ta saurara kamar mai shirin jarrabawa, kuma ba ta saki ko ɗaya ba.

Akwai kuma abin da ban yi mata bayani ba, don ban san ta inda zan fara ba. Gwaggo mutuniyar da ce, tana kunyar ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. Tun da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, a hannunta ya girma. In yana ɗaki, Gwaggo bango take kallo. In tana da magana da shi, sai ta nemi wani.

"Ka ce wa wancan ya rage sanyin na'urar nan, ƙafata ba ta so."

Yana zaune taku uku daga inda take. Ni kuwa sai in juya in ce, "Wai ka rage sanyi."

"Na gode, Farfesa," in ji shi. "Da ba ka fassara ba, da ban gane ba."

Haka na yi ta ɗaukar hotuna a ɓoye-ɓoye, duk sanda na ga su ukun a wuri guda. Muka tura wa lauya. Da amsarta ta zo, taubashina ya kira ni baranda ya miƙo mini wayar. Hotunan na fara dubawa da idon baƙo. Ga wata dattijuwa a kan kujera ta juya wa namijin baya. Ga wata mace 'yar Asiya durƙushe a bakin ƙofa da faranti a hannu, kanta a ƙasa. Lauyar ta rubuta cikin ladabi cewa kada a kai waɗannan. Wanda bai sani ba, musamman a ce a Dubai aka ɗauka, zai zaci 'yar aiki ce.

Amarya ta karanta saƙon kafin ni. Ranar nan ta zuba mini taliya kamar kullum, na kasa ɗaga kai in dube ta.

"To, bawana," in ji taubashina, "kai ka ƙulla, kai za ka kwance. Hoto ɗaya ake so. Ta zauna a tsakiya, ni nan, Amarya nan, kamar sauran mutane."

"Ni zan gaya mata?"

"A'a, ni zan gaya mata. In ce mata me? Ta bango zan bi?"

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai zuci ba.

Sau da yawa na shiga wajenta da niyyar faɗa. In zauna a ƙasa, in tambayi gwiwa, in tambayi maganin da likita ya ba ta, in tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, in tashi. Wata rana na raka ta Deira sayen turare da atamfofin tsaraba, har muka hau kwalekwalen fito muka haye ruwa, na ce a raina yanzu zan faɗa, ga iska, ga hayaniya, ba za ta ga fuskata sosai ba. Sai na ɓige da nuna mata gine-gine. Ta yaya yaro kamata zai dubi yayar ubansa ya ce ta ajiye kunyar da ta riƙe tun kafin a haife shi, saboda wani Bature da ba ta taɓa gani ba?

Ana gobe za ta koma, ta idar da sallar la'asar tana ninke darduma, ta ce, "Kai, tun da na zo kake kewaya ni kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Aure kake so?"

"A'a, Gwaggo."

"To mene ne?"

Na fara daga nesa. Na yi bayanin biza, na yi bayanin kwantiragi, na ce su mutanen can ba su san al'adarmu ba, kuma ba wai dole ba ne, wataƙila ma ba za a tambaya ba, amma dai lauya tana ganin in da hali. Ta bar ni na gama kame-kamena.

"Wato sai na zauna na jingina da shi ina washe baki, sannan za su yarda ni na haife shi?"

"Ba haihuwar ba, Gwaggo. Auren. Su ga kin san da ita, kin karɓe ta."

"Wa ya ce ban karɓe ta ba? Yarinyar da ke gasa mini ƙafa da ruwan zafi safe da yamma? Ko 'yar da na haifa iyakar abin da za ta yi ke nan."

"Su hoto suke ganewa."

Ta shafa gefen dardumar.

"In ba a yi ba, raba su za a yi?"

"Ba zan ce lallai ba. Amma yana iya yiwuwa."

"Kai dai ba ka taɓa cewa lallai. Miƙo mini mayafina mai ruwan toka."

Muka jawo doguwar kujera kusa da taga don haske. Gwaggo ta zauna a tsakiya, ta haɗa hannuwanta a cinya. Amarya ta zauna a damanta a ɗofane. Taubashina ya zauna a hagu, can ƙarshen kujerar, tsakaninsa da ita mutum zai iya zama.

Na ɗaga waya. Ina jin da na danna a nan na ce shi ke nan, da ya wadatar. Amma saƙon lauyar yana kaina, ina tsoron a sake cewa bai yi ba, ga shi gobe jirgi zai tashi.

"Ka ɗan matso," na ce masa.

Ya matso.

"Gwaggo, ko za ki ɗan juyo nan. Ba bango ba, nan."

Ta juyo.

"Da za ki ɗan dafa kafaɗarsa."

Ban san yadda maganar ta fita daga bakina ba. Gwaggo ta ɗaga hannunta na hagu a hankali, ta tsaya da shi a iska, sannan ta ɗora a kafaɗarsa. Ina kallonsu ta fuskar wayar. Na ga taubashina, mutum mai furfura a gemu, wanda bai taɓa rasa abin tsokana ba, ya ƙame kamar an dasa shi. Sai ga hawaye yana bin kumatunsa, bai ɗaga hannu ya share ba, don kada kafaɗar ta motsa.

Abin da bai kamata in gani ba ke nan, kuma ni na sa aka yi shi. Na danna. Na duba hoton, na ga fuskarsa a jiƙe, ita kuma kamar mai zaman makoki. Sai na ji muryata tana cewa, "A sake ɗaya. Gwaggo, ki ɗan yi murmushi."

Ta yi. Allah ya sani, ta yi. Ta buɗe baki kaɗan, idonta a kaina, kallon da har yau ban san fassararsa ba.

Amarya ce ta miƙe ta karɓe wayar daga hannuna. "Halas," ta ce. "Ya isa, ƙanin miji." Ta durƙusa gaban Gwaggo ta kama hannayenta biyu, ta yi mata wata doguwar magana da yarensu. Ba wanda ya nemi in fassara, ba kuma zan iya ba. Gwaggo tana ta cewa, "To, to. Allah ya yi miki albarka. Tashi." Taubashina ya shige banɗaki ya kunna famfo. Ni kuma na tsaya tsakiyar falon, na rasa inda zan sa hannuna.

Washegari a filin jirgi Gwaggo ta yi mini sallama kamar kullum, ta ce in gaida abokan aikina, in riƙa cin abinci. Shi kuma ta ce in gaya masa ta gode da ɗawainiya.

Ranar intabiyu na nemi izini a wurin aiki na raka su Abu Dhabi. Ba a barin miji ya shiga, ba a shiga da waya. Amarya ta rungumi jakar takardunta, hoton yana ciki a ambulan, an wanke shi babba. Muka zauna a wani shagon shayi muna jira. Taubashina ya sayi shayi ya bar shi ya huce. Na so in ce masa wani abu game da ranar hoton nan, na kasa, shi ma bai tayar ba.

Da ta fito, tun daga nesa muka ga babu fasfo a hannunta. Sun karɓa, za su buga bizar. Taubashina ya zauna a gefen titi ya rufe fuska da hannu, yana ta hamdala.

A mota take ba mu labari. Jami'ar mace ce, ta tambaye ta inda suka haɗu, da aikinsa, da garin da za su zauna, da ko ta taɓa zuwa Amurka. Shi ke nan.

"Hotunan fa?" na tambaya.

"Na ɗora ambulan a kan teburin da ke gabanta. Ta ce ba sai ta gani ba."

Muka yi nisa a hanya. Can taubashina ya miƙo mini wayarsa ta baya, bai juyo ba.

"Farfesa, kira ta. Aikinka ne."

Gwaggo ta ɗauka da sallama, ina jin hayaniyar jikoki a bayanta. Na ce mata an dace, an ba Amarya biza, za su tafi tare. Ta yi hamdala sau uku. Sannan ta rage murya.

"Sun ga hoton?"

Na dubi ƙeyar taubashina. Amarya ta juyo tana kallona, ko da yake ba ta ji abin da aka tambaya ba.

"An kai musu, Gwaggo," na ce.

"To, madalla. Ka ce wa wancan ya riƙe 'yar mutane amana. Ba ni ita in ji muryarta."