Dutsen Kasala ya karya min ƙafa, wata ta shayar min da ɗa

Matan Kabara, salamu alaikum. Tun da muka dawo daga Gabas kuke tambayar ɗingishina, ina kawar da zance. Yau zan faɗa. Ku yi haƙuri da rubutun, sai da na girma na koya.

A hanyar Makka muka yada zango a Kasala, ƙasar Sudan. Aka ce akwai rijiya mai albarka a jikin dutsen garin. Na ce wa maigidana, Malam Sule, sai na sha.

Ya ce, "Binta, wannan fa ba Dala ba ne."

Na ce, "Malam, ni da nake hawan Dala da goyo?"

Ko gora ban ɗauka ba. Na bar ɗana Habu, yana nono, wajen Asha matar mai masaukinmu, na ce kafin azahar na dawo.

Rana ta take, jiri ya ɗebe ni, takalmina faɗe ya zame a kan falalen dutse. Da kunnena na ji ƙarar ƙashin.

A makara aka sauko da ni, kamar gawa.

A asibitin Turawa aka ɗaure ƙafar da katako. Kullum da safe a sa min tsinken gilashi na awon zazzaɓi a baki, a wanke ciwon da wani ruwa mai zafi kamar barkono. Munduwata ta tafi a jinyar. Likita ya shinshina ƙafar, tafinta ya ce, "In ta yi baƙi, yankewa za a yi."

Ban yi kuka ba. Ranar da zazzaɓi ya ƙafar min da nono na yi kuka.

Asha ce ta ɗora Habu a ƙirjinta tare da 'yarta. Ranar Juma'a ta kawo min shi, ya yi ɓulɓul. Na miƙa hannu, ya tsandara ihu, ya cusa kai cikin mayafinta.

Ta yi dariya ta ce, "Yaya, ɗan naki akwai ci!"

Wallahi da ƙafar tana takuwa, da na fizge shi.

Na ce wa Malam ya raba su. Ya ce, "To wa zai shayar da shi, ni? Tunda ya ƙoshi da nononta, a shari'a ma uwarsa ce."

Ƙafa ta warke, alhamdu lillahi. Yaro kuwa sai da Asha ta riƙa goya min shi yana barci, ta lulluɓe mu da mayafinta don ya ji ƙanshinta. Ranar rabuwa ta bar min mayafin.

Na gode wa Allah, na gode wa likita. Asha ma na gode mata, ko da yake har yau in na tuna dariyar nan sai ƙirjina ya yi zafi.

Masu niyyar tafiya, kada ku auna dutsen wata ƙasa da Dala. Ku ɗauki ruwa, ku tambayi 'yan gari. Mai goyo ta zauna da goyonta.

Habu yana gudu yanzu. "Yumma" yake ce min, yadda 'ya'yan Asha suke kiranta. Ba sunana ba ne, amma ina amsawa.