Farar Shadda a Kabarin Ireland

Ranar Asabar ta farko bayan Babbar Sallar bara, da misalin ƙarfe biyar na yamma, muna zaune a bayan gidan Alhaji da ke McLeansville. Mu tara ne: mai gida, da ni, da wani makanike ɗan Nijar da ke dafa mana shayi, da sauran 'yan majalisa, yawancinsu direbobi da masu aikin sito. Mata suna ciki. Ana cin soyayyen naman layya.

Alhaji dillalin motoci ne, ya fi kowannenmu daɗewa a Greensboro, ya kuma fi kowa murya. 'Yarsa tana auren ɗan yayana, wani likita, kuma a lokacin ba su daɗe da komawa Dublin, babban birnin Ireland, ba. Ni kuwa shekara goma sha shida na yi ina karanta labarai a gidan rediyo kafin in zo ƙasar nan. Yanzu tafinta nake yi wa mutanenmu a asibiti da kotu. A aikin da na bari da wanda nake yi, jarina ɗaya ne: idan na ce an ce, to an ce.

Hira ta faɗa kan ƙasar Ireland. Na ce akwai wani kabarin dutse a can da ya girmi dalar Masar, wanda maginansa suka bar masa 'yar kafa a saman ƙofa, ta yadda a ranaku mafi gajarta na hunturu hasken fitowar rana ke bi ta cikinta har ƙuryar ɗaki. Iyakar abin da na faɗa ke nan.

Alhaji ya ajiye ƙashin da ke hannunsa.

"Kabari mai taga!" in ji shi. "Malam, mamacin ne zai sha hantsi?"

Aka kwashe da dariya.

"Ku bar su 'yan rediyo. In labari ya ƙare musu lokaci bai cika ba, sai su ƙera wani. Wallahi in akwai shi, da babbar rigata zan shiga, in fito ko karinta bai karye ba."

Makaniken ya miƙo mini kofi yana share hawayen dariya. "Bon, Malam, sha shayi, kada ka biye masa." Na sha. Na yi murmushi yadda ake yi wa suruki.

Da a nan ta tsaya, da na manta. Amma maganar ta sami ƙafa. Cikin wata guda, duk abin da mutanenmu ba su yarda da shi ba sai su ce kabari mai taga ne. Farashin mota, alkawarin ɗan siyasa, sakamakon jarrabawar yaro. Rannan a asibiti na fassara wa wata dattijuwa abin da likita ya ce game da hawan jininta. Ta dube ni ta ce, "Malam, abin da ya faɗa ke nan, ko kabari mai taga ne?" Da wasa ta faɗa. Na koma gidana a Glenwood, na zauna cikin mota a ƙofar gida na tsawon lokaci ban fito ba.

A watan Oktoba 'yar Alhaji ta haihu. Muka tafi Dublin suna, shi da Hajiyarsa da ni. Kwana biyu bayan suna na nemi kujera biyu a wata motar yawon buɗe ido da ke zagaya tsofaffin wurare cikin yini guda. Na ce wa Alhaji za mu ga inda sarakunan ƙasar suka zauna a da, da wani tsohon gidan yaƙi mai ganuwar dutse, da kufan malaman coci, da kuma kabarin nan. Ya ji kalmar sarakuna ya amince.

Ina so a san wannan sarai: ban ɓoye masa komai ba. Na karanta masa takardar da suka aiko, a gaban Hajiya da 'yarsa. Ta ce a sa rigar ruwa da takalmi mai ƙarfi. Ta ce hanyar shiga kabarin matsattsiya ce, kuma duk wanda ƙuntataccen wuri ke damunsa ya faɗa tun da wuri.

"Ka ji shi kuma," in ji Alhaji. "Za mu gidan sarauta, wai in sa leda kamar mai wankin mota."

A rediyo muna maimaita kanun labarai a ƙarshen shiri, saboda wanda bai ji da farko ba. Ranar ban maimaita ba.

Ranar tafiyar, ƙarfe takwas saura kwata na safe, Alhaji ya fito cikin farar shadda sabuwa, babbar riga da 'yar ciki da wando, an buga ta tana ƙyalli, da hula zanna da takalmi sau-ciki na fata. Haka muke fita idan za a je wuri mai daraja, kuma ban ga laifinsa ba. Ni ina cikin rigar ruwan ɗan yayana da takalmin da yake zuwa hawan dutse da shi. Na ɗauko ƙaramin rikodana na aiki, na ce ina so in ɗauki muryoyin tafiyar don tarihi. Alhaji ya karɓe shi daga hannuna.

"Kawo nan. Kai me za ka faɗa?"

Ya zura shi a aljihun 'yar cikinsa. Na nuna masa inda ake kunnawa. Bai tambayi inda ake kashewa ba.

Mai yi mana jagora wata mata ce mai furfura, gajera, mai saurin magana. Turancinta na mutanen ƙasar ne, Alhaji ba ya kama rabinsa, don haka ni nake juya masa. Ta dubi shaddarsa ta ce kayan sun yi kyau ƙwarai, sannan ta dubi sama.

Tsayawar farko tudun sarakunan ne. Alhaji ya sauko yana neman fada. Babu gini. Fili ne na ciyawa mai tudu da kwari, da wani dutse a tsaye da bai kai ƙirjinsa ba. Yayyafi ya fara, irin nasu mai laushi da ba ya tsayawa. Tumaki sun yi kiwo a wurin kafin mu zo, sun bar shaida ko'ina. Kafin mu kai ga dutsen, gefen wandonsa ya yi kore, takalmin yana kuka duk taku.

"Ina fadar?"

"Ta ce da itace aka yi gine-ginen, sun ruɓe tun da daɗewa."

"To me muka zo gani?"

"Inda take."

A kufan malaman cocin akwai wata doguwar hasumiya zagayayya wadda ƙofarta ke can sama da kan mutum, da manyan gicciye na dutse da aka sassaƙa wa hotuna, da kaburbura tsofaffi da sababbi a gauraye. Alhaji yana shiga ya yi wa mutanen kabari sallama yadda ya saba, sannan ya tsaya ya dube ni, ya ga ko na ji. Na ji. Na wuce gaba, domin wannan ba ya cikin abin da ke tsakaninmu.

A gidan yaƙin ne ya farfaɗo. Ruwa ya ɗan ɗauke. Ya tsaya a gindin bangon dutse mai kauri, ya sunkuyar da baki wajen aljihu, ya yi jawabi na minti goma sha ɗaya. Ya ce ganuwar garinsu ta fi wannan tsawo. Ya ce shi ne Bahaushe na farko da ya taka wurin. Ya gaishe da 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya, ya ce su saurara, yanzu za a je wurin kabarin Malam, za a ga taga.

Mun isa wurin kabarin ƙarfe uku da 'yan mintuna. Tudu ne babba zagayayye, fuskarsa fararen duwatsu, a ƙofarsa wani ƙaton dutse a kwance da aka zana wa layuka masu murɗewa. Sama da ƙofar, ga kafar. Na nuna masa da hannu. Ya duba ya ce ramin tsuntsu ne.

Matar ta ce a shiga ɗaya bayan ɗaya, a sunkuya. Alhaji ya shiga gabana. Shadda idan ta sha ruwa nauyi take yi, ta saki, ta manne wa duk abin da ta taɓa. Taku kaɗan ya yi hularsa ta bugi dutse ta faɗo, na tsince ta. Da muka kai inda duwatsun gefe suka karkato ciki, hannun rigar ya maƙale ta hagu, cikinsa ya tokare ta dama. Ya yi gaba, bai wuce ba. Mutum shida suna bayanmu suna jira cikin ladabi. Dole muka fito da baya, dukanmu.

A waje, a gaban kowa, ya tuɓe babbar rigar. Ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. Na naɗe ta a hannu, tana ɗiga. Ya sake shiga da 'yar ciki, kai babu hula, a karkace, yana jan numfashi.

Ɗakin ciki ƙarami ne, rufinsa duwatsu ne da aka jera kan juna suna tsukewa har sama. Matar ta ce shekara sama da dubu biyar ke nan ruwa bai zubo ta rufin ba. Na juya masa. Ta ce za ta kashe fitila ta nuna mana da hasken lantarki yadda rana ke shigowa. Na juya masa wannan ma, kalma da kalma. Ta kashe.

Ban taɓa ganin duhu irin wannan ba. Wani hannu mai sanyi ya damƙi wuyan hannuna. Na ji salati ƙasa-ƙasa, sannan da ɗan ƙarfi. Sai wani siririn haske ya bayyana a ƙasa, ya taho daga wajen ƙofa a hankali, ya ratsa tsakanin ƙafafunmu, ya tsaya a kan takalmin Alhaji da ya sha taɓo.

Abin da ya faɗa a cikin waɗannan mintuna, ban amsa masa ba. Na bar shi ya riƙe hannuna, shi ke nan.

Muka kama hanyar komawa. Alhaji ya ba ni rikoda a ƙofar gida, har lokacin yana kunne. Hajiya ta buɗe mana, ta dubi rigar a hannuna, ta dubi mijinta, ta ce, "Ikon Allah. Ai an karanta maka."

Mako biyu bayan mun dawo, ranar Lahadi da la'asar, majalisa ta sake zama a gidansa, a falo wannan karon saboda sanyi ya shigo. Alhaji ya raba tsarabar cakulan. Sannan ya ba da labari. Ya ce akwai kabarin, ai shi dama bai taɓa musun akwai shi ba, tagar ce dai ba ta kai yadda aka zuzuta ba. Ya ce Turawa suna ta rawar jiki a ƙofa, shi ya shige gaba ya nuna musu hanya. Ya ce da aka kashe fitila Malam ya rikice, sai da ya riƙe masa hannu.

Na ci cakulan ɗina. Abin da aka fara koya mana a ɗakin labarai shi ne kada ka ce mutum ya ji tsoro. Kada ka ce ya yi ƙarya. In kana da muryarsa, ka sa muryarsa. Amma ban ɗauko muryar ba, jira nake.

"Malam, ina na'urar nan?" in ji Alhaji. "Sa musu jawabin da na yi a gidan yaƙi, su ji."

"A sa duka, Alhaji, ko jawabin kawai?"

"Sa duka mana! Me za a ɓoye?"

Na riga na juye abin da aka ɗauka a wayata tun a Dublin. Ban yanke komai ba, ban ƙara komai ba. Na fara daga jawabin. Aka saurari minti goma sha ɗaya, ana tafi idan ya ambaci sunan mutum. Na ce akwai tafiyar mota a tsakani, ko in tsallake? Ya ce in tsallake. Sai ga muryar matar. Sai nishi, da ƙarar shadda tana gogar dutse, da muryata ina cewa, "Alhaji, sai dai a cire rigar." Makaniken ya ajiye butar shayi.

Sannan muryar Alhaji, kusa da na'urar:

"Malam. Malam, kana nan? Kada ka sake ni. Gaskiyarka, wallahi gaskiyarka, ga tagar can na gani. Ka yafe mini don Allah. Ka ce mata ta kunna fitila, ina da iyali."

Na kashe a nan. Babu wanda ya yi dariya nan take. Makaniken ne ya fara, da wani sauti ta hanci da ya kasa riƙewa, sai kowa ya bi. Wani direba ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa. Daga kicin Hajiya ta ɗaga murya ta ce rigar tana nan in akwai mai son gani, an kai ta wanki sau biyu koren bai fita ba.

Alhaji ya dube ni. Na dube shi da fuskar da nake karanta hasashen yanayi da ita.

"Kai mugu ne, Malam."

"Ban ce komai ba, Alhaji. Gani ya kori ji."

Tun daga ranar ban sake jin kowa ya ce kabari mai taga ba, a gabana ko a bayan idona. Dattijuwar nan ta sake neman in yi mata tafinta a watan Disamba, ta saurara har ƙarshe ba ta yi tambaya ba. Alhaji bai ƙara kirana gidansa ba sai buɗa-bakin farko na azumin da ya biyo baya, kuma Hajiya ce ta bugo wayar.