Ranar da Kurkur Ya Ci Jarrabawa

Shekara ashirin da huɗu na yi ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata sakandaren jeka-ka-dawo da ke tsakanin Rano da Kibiya, amma ranar da ba ta taɓa fita daga raina ba ita ce wata Laraba da masu duba makarantu suka zo mana. Tun da Allah ya yi wa Malam Habibu rasuwa a daminar da ta wuce nake yawan tuna ta. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta muku ita, ku da kuka shigo aikin a bayanmu.

Ni ba malami ba ne. Ina mataki na huɗu na albashi, aikina wanke kwalabe, auna ruwa, jera kaya kafin ɗalibai su shigo, da kulle ɗaki in an tashi. Malam Habibu shi ne malamin kimiyyar sinadarai, kuma ɗan abin da na sani a wurinsa na koya.

Shi ya nuna mini cewa akwai ƙarafan da in an narkar da gishirinsu a ruwa, kowanne da launinsa. Na jan ƙarfe shuɗi ne. Na baƙin ƙarfe iri biyu ne, ɗaya kore-kore, ɗaya rawaya. Yadda ake tabbatar da su kuwa, sai a ɗiga musu ruwan soda, irin wadda masu sabulu ke aiki da ita. Nan take wani abu mai kauri zai fito a cikin ruwan, ya yi ta sauka har ya taru a gindin kwalba. Malam yana kiransa laka. Lakar jan ƙarfe shuɗiya ce, ta koren baƙin ƙarfe koriya mai datti, ta rawayan kuma ja kamar tsatsa. Kullum abin da yake gaya wa ɗalibai ɗaya ne: “Kada ku yi saurin rubutu. Ku jira ta kwanta.”

A zango na biyu takarda ta zo cewa nan da kwana goma kwamiti zai duba ko ɗakinmu ya cancanci a ci gaba da yin jarrabawar gwaji ta ’yan ajin ƙarshe a cikinsa. In bai cancanta ba, sai ɗalibanmu su tafi wata makaranta mai nisa. Yawancinsu daga Fammar da Durba da Zinyau suke zuwa, wasu a keke, wasu a ƙafa, kuma mun san waɗanda ba za su iya ƙarin tafiyar ba.

Kwalabe muna da su da yawa, amma huɗu ne kaɗai ke da abin kirki a ciki. Shugaban makaranta, Alhaji Ubale, ya shigo hannuwansa a baya, ya dubi kanta.

“Malam Sale, nan ɗakin gwaji ne ko rumfar mai sayen tsofaffin kwalabe?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, mun rubuto maka abin da babu tun zangon farko.”

“Na gani. Ni ma na rubuta sama. Su ma ina jin sun rubuta sama da su. To, mutanen nan ba rubutu za su duba ba, kanta za su duba. Ina son kowace kwalba ta cika, kowacce da launinta.”

Malam Habibu ya ce, “Da me za a cika su, Yallaɓai?”

“Kai da ka yi jami’a kake tambayata? Shuɗi ba shuɗi ba ne? Ko bular wanki ta ƙare a kasuwar Rano?”

Malam ya ce shi ba zai sa hannunsa a wannan ba. Shugaba ya ce ai ba hannunsa ake nema ba, hannuna ake nema.

Ba zan ɓoye muku ba, na yi. Na jiƙa bula na cika kwalaben shuɗi. Na tsarma zoɓo. Na karɓo kurkur wurin maiɗakina, na jiƙa, na tace da tsumma, na zuba a kwalbar rawayan baƙin ƙarfe. Sunayen kuma na kwafo su daga littafi da mafi kyawun rubutuna. Malam yana zaune yana duba takardun ɗalibai, bai ɗago ba.

Shugaba ya ƙara da cewa na gaskiyar ma a haɗa su tun yanzu. Malam ya yi masa bayani cewa koren baƙin ƙarfe ba ya son jira, iska tana juya shi ya koma rawaya, shi ya sa ranar aiki ake haɗa shi. Shugaba ya ce, “Iska ba ta cikin kwamiti. A haɗa.” Aka haɗa.

Ranar Laraba mutum uku suka zo. Wanda aka ce shi ya karanta sinadarai, shugaba ya tare shi tun daga bakin mota ya kai shi ofis inda aka ajiye shinkafa da kaji, mutumin bai fito ba sai lokacin tafiya. Na biyu ya tafi ƙirga kujeru. Babban sufeto ne ya shigo mana, dattijo mai fara’a, wanda ya gaya mana da bakinsa cewa labarin ƙasa ya karanta. Yana riƙe da takardar da aka rubuta masa launin kowane abu.

Ya yaba kanta. Sannan ya tsaya a kan kwalbar koren baƙin ƙarfe, wadda ta zama ruwan ƙasa-ƙasa.

“Malam, takarda ta ce kore. Wannan kuwa kamar ruwan kududdufi.”

Malam ya ce, “Ranka ya daɗe, na gaske ne. Iska ce ta taɓa shi, haka ɗabi’arsa take.”

“Ɗabi’a ko ba ɗabi’a ba, takarda ta ce kore. Ni na daɗe a aikin nan, ba a yi mini rufa-rufa.” Ya yi rubutu.

Daga nan ya ce zai zaɓi kwalba ɗaya a gwada a gabansa. Hannunsa ya bi ta kan kwalaben bula, ni kuwa ina ta salati a zuci, don bula ko an kwana ana ɗiga mata soda ba abin da za ta yi. Ya wuce su, ya wuce zoɓo, ya ɗauko kurkur. Shugaba, wanda ya shigo a lokacin, ya fara kallon rufin ɗaki.

Ni na zuba a ’yar kwalbar gwaji, ni na ɗiga soda. Sai ruwan ya koma ja.

Duk matar da ta taɓa haɗa kurkur da kanwa ta san haka yake yi. Ni ban tuna ba sai a lokacin. Sufeto ya dubi takarda, ya dubi kwalba, fuskarsa ta washe.

“Ja kamar tsatsa. Ga shi kuwa. Malam, daidai ne?”

Babu laka ko ƙwaya. Na san Malam ya gani, don ido ya zuba wa gindin kwalbar. Ta taga ana hango kekunan ɗalibai jingine a gindin darbejiya.

Malam ya ce, “Launin ya yi kama, ranka ya daɗe.”

Sufeto ya ce, “Ai shi ke nan. Ka ga bambancin abu mai kyau da wancan.”

Bayan mako uku rahoto ya iso. An bar mana izinin jarrabawa, an yaba wadatar kayanmu. Gyara ɗaya aka nema: a zubar da kwalbar nan ta koren baƙin ƙarfe, wai ta bogi ce, a kuma ja wa malamin kunne kan sakaci. Shugaba ya kira shi ofis ya ja masa kunnen a rubuce. Malam ya karanta, ya sa hannu, ya yi godiya.

Bai zubar da ita ba. Washegari ya jera kwalaben biyu, ita da ta kurkur, a gaban ’yan ajin ƙarshe, ya ɗiga wa kowacce soda, ya sa aka jira. Ɗaya ta yi laka, ɗaya ta tsaya ja garau. Bai ambaci kowa ba. Ya dai ɓare takardar da na manna, ya rubuta “kurkur” da hannunsa, ya mayar kan kanta. Ɗaliban nan duka a ɗakinmu suka yi jarrabawarsu.

Alhaji Ubale ya sami ƙarin girma, yanzu shi ma yana cikin masu duba makarantu. An ce duk ɗakin gwajin da ya shiga sai ya buɗe kwalabe ya shinshina, kuma ana yaba masa ƙwarewa.

Abin da na koya shi ne, a aikin nan akwai masu duba launi, akwai masu jiran laka, kuma na farko su suka fi yawa a sama. Ban taɓa ba Malam haƙuri kan sunayen da na rubuta ba. Na yi ta cewa sai na sami lokacin da ya dace. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Kwalbar kurkur ɗin tana nan a kanta ta biyu, ruwan ya bushe tuntuni. In kun zo shara, ku goge ta ku mayar. Rubutun da ke jiki nasa ne.