Karen da Nasara Ya Bar wa Yayana

Duk lokacin da na ji ana musu a rediyo wai akwai irin karnukan da mugunta ke cikin jininsu, sai in miƙa hannu in kashe. Na gaji da wannan musun tun ina budurwa. A zauren gidanmu na unguwar Zango aka fara shi, kuma har yau ban ga wanda ya ƙaru da shi ba.

Yayana ya daɗe yana aikin lambu a gidan wani nasara. Da mutumin ya tashi komawa ƙasarsu, bai bar masa keke ba, bai bar masa agogo ba, sai kare. Wani ƙato ne mai baƙin baya da kunnuwa a tsaye, irin wanda suke kira berje. Yaya ne ya raine shi tun yana kwikwiyo, shi ke masa wanka, shi ke taje masa gashi. Ranar da ya kawo shi gida ko igiya babu, karen na tafe daf da ƙafarsa.

Abokan hirar Baba biyu ne suka yi maganar a madadinsa, wani Alhaji Bakano mai sayar da atamfa, da maƙwabcinmu Bamoshe, tsohon soja.

"Wannan irin ba a zama da shi, Malam," in ji Alhaji. "Don cizo aka yi su. Ko zuma ka ba shi, wata rana sai jinin ya motsa."

"A'a, Laji, sa se pa vre, ba gaskiya ba ne," in ji tsohon sojan. "Na yi aiki da su a kan iyaka. Kare yadda ka riƙe shi haka yake zama."

Kullum bayan la'asar sai sun taso da zancen, ni kuwa ina kai musu shayi ina ji har na haddace.

A ƙarshe Baba ya yanke hukunci. Kare zai zauna, amma a bayan gida, ɗaure da sarƙa a gindin dogonyaro, nesa da randuna da butocin alwala. Ya ƙara da cewa duk hannun da ya taɓa shi kada ya shiga akushinsa. Kowa ya san da wa yake. Yaya ɗan fari ne, Baba ba ya kiran sunansa, ba ya wasa da shi, ba ya ko haɗa ido da shi sosai. Wannan akushin da suke ci tare shi ne kaɗai kusancin da ke tsakaninsu. Yaya ya daina taɓa karen.

Da ya samu aiki a wani gareji a unguwar Gounghin, ciyarwar ta dawo kaina. Da doguwar gora nake tura wa karen kwanonsa, haka aka koya mini. Da farko idan ya gan ni sai ya kwanta ya miƙo kai, yana jiran a shafa. Babu wanda ya shafa. Yaran unguwa suna hawa katanga suna jifansa don su ji haushin karen nasara. Ya yi ta kuka har muryarsa ta dishe, daga nan ya daina kukan, ya koma gurnani. Ina tausayinsa, ina kuma tsoronsa, kuma tsoron ne ya fi yawa.

Wata safiya Gwaggo, ƙanwar Baba, ta je shanya, ta matsa kusa ba ta sani ba. Karen ya kama ta a ƙwauri. Sai da aka yi mata ɗinki a dispanser, ƙaramin asibitin unguwa.

Da yamma Alhaji ya iso yana gyara babbar riga kamar wanda ya ci shari'a.

"Me na gaya muku? Jini ne."

"Laji, ko ni aka ɗaure a wurin nan ana jifana, da na ciji mutum," in ji tsohon sojan.

Baba ya ɗaga musu hannu. Ya dubi ƙasa, ya ce wa Yaya, "Kai, ka fitar mini da shi daga gida."

Yaya ya yi yawon neman mai karɓa har ƙafarsa ta gaji. Babu mai son karen da ya taɓa cizo, sai wasu can bayan unguwar Dapoya, waɗanda kowa ya san abin da suke yi da karnuka, da tukunyarsu a kan wuta.

Ya kwance sarƙar da kansa. A gaban Baba ya durƙusa, ya riƙe kan karen da hannu biyu, ya daɗe yana shafa shi. Dabbar da muke tura wa abinci da gora ta lafe a jikinsa. Ya yi masa magana da Faransanci a hankali, suka fita ba igiya, karen daf da ƙafarsa yadda suka shigo.

Yaya ya dawo bayan magariba shi kaɗai. Na ajiye akushi, Baba ya buɗe, ya tura masa ruwan wanke hannu, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Yaya ya ce, "Baba, na taɓa shi." Ya ɗebi nasa a wani kwano ya koma bakin ƙofa. A can ya ci gaba da cin abincinsa har Baba ya rasu.