Saƙon Inna Asabe

Har gobe ban manta da wata Laraba cikin damina ba, ranar da na je Samaru duba kayan wata matafiya, wata tsohuwa ta sa ni durƙuso da gwiwar da likita ya ce in daina wahalar da ita.

Ku da kuka shigo ofishin nan daga baya kun same ni a kan kujerar bita, amma ba nan na fara ba. Na yi shekaru ina tuƙa motar asibiti a Oman kafin gwiwa ta ce in dawo gida. Da na dawo sai Alhaji, mai wannan ofishin namu na Sabon Gari, ya ce tunda na sha ruwan can, in riƙa zama da masu tafiya. Ga wanda bai san tsarin ba, idan mutum ya sami aiki a ƙasashen Larabawa, biza ta fito, an yi gwajin lafiya, an yanki tikiti, to ni ne na ƙarshe da zai zauna da shi kafin ya hau jirgi.

Maganar da nake yi musu ba ta da yawa. Fasfo ɗinka naka ne, kada ka bar shi a aljihun teburin wani, ko da wanda ya ɗauke ka aikin ne. Ka karanta kwantiragi tun kana gida, inda kake da bakin cewa ba ka yarda ba. Da ka sauka ka bi maganar katin zama, don in babu shi ko asusun banki ba za ka buɗe ba. Kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoton mutane a titi, balle mata. Zagin da muke yi wa juna a cunkoson Kwangila kowa ya wuce abinsa, can yana iya kai mutum gaban alƙali. Nakan ƙara da cewa zafin da muke kuka da shi a Zariya kafin ruwa ya sauka, can ba a ma kiransa zafi. A nan sukan yi dariya, sai sun je su bugo waya su ce Kawu Isiyaku ashe da gaske kake.

Matafiyar ranar sunanta Rahila, ma'aikaciyar jinya ce, ta sami aiki a wani asibiti a Oman. Kirista ce, don haka na ƙara mata nata: Lahadi ranar aiki ce a can, hutu Juma'a da Asabar, coci akwai, galibi kuma ranar Juma'a ake taruwa. Idan azumi ya kama, kada ta ci ko ta sha a gaban jama'a da rana. Ta ce wannan ba sabo ba ne a wurinta, tun tana yarinya ba ta shan rake a ƙofar gida in maƙwabta suna azumi. Na ce to kin riga kin ci rabin jarrabawar.

Sauran rabin shi ne jaka. Dokar ofishinmu ita ce ana gobe tafiya in je gidan matafiyi da sikeli, a zazzage komai a kan tabarma, in gani da idona. Kayan matafiyi ba su cika ba ni wahala ba. Saƙo ne bala'in. Kun san halinmu, da an ji wane zai tafi, duk mai ɗan'uwa a ƙasar, kai har da ƙasar da ke maƙwabtaka da ita, sai ya ƙullo abu ya kawo. Ba a kuma cewa babba a'a.

Na tarar da tsakar gidan su Rahila cike da mata. Mahaifinta, Baba Yohanna, yana gefe a kujera yana ta kallon 'yarsa kamar yau ya fara ganin ta. Muka fara. Kuka da kuɓewa busasshiya muka sake musu leda mai haske, aka rubuta sunan kowace. Daddawa kuwa na sa aka naɗe ta sau uku, don kada 'yar mutane ta sauka duk kayanta suna ƙamshin miya. Ana ta raha, sai wata tsohuwa ta miƙo wani ƙunshi da aka ɗinke cikin tsohon zane, ɗinki mai kyau, ko allura ba ta da wurin shiga.

Inna Asabe ke nan. Katanga ɗaya ce tsakaninta da su Rahila. Musulma ce, mai sayar da ƙuli-ƙuli, kuma lokacin da mahaifiyar Rahila take koyarwa a firamare, a bayan Inna yarinyar ta girma. Ɗanta Garba yana tuƙa tankar ruwa a can Oman ɗin.

Na ce, "Inna, sai an buɗe."

Ta ce, "Ba a buɗewa. Na Garba ne."

Na ce doka ce, kowa ma an buɗe nasa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Malam, ni za ka tuhuma? Yarinyar nan fitsarinta ya cinye mini zannuwa ba adadi, yau ni zan cuce ta?" Ta ɗauki ƙunshinta ta sa a hammata, ta fita ba ko sallama.

Rahila ta ja ni gefe idonta cike da ƙwalla. Ta ce, "Kawu, zan ɗauka haka. Inna ba za ta cuce ni ba. Ba zan iya barin garin nan tana fushi da ni ba."

Na ce, "Ni ma na san ba za ta cuce ki ba. Amma ma'aikacin filin jirgi bai san Inna ba. Ke zai tambaya mene ne a ciki, in kika ce ba ki sani ba, kin shiga uku. Aikin da kika yi shekaru kina nema a nan zai tsaya."

Na fita zaure na buga wa Alhaji waya, ko zai sassauta. Ya ce, "Isiyaku, abin da ba a buɗe ba ba ya hawa jirgi. Yadda za ka yi da tsohuwa kuma, wannan kai ka sani." Ya kashe wayarsa. Haka manya suke, su ba ka doka su bar ka da jama'a.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba, don ni ba na son a raina mini aiki a gaban mata. Amma na tuna durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Na zagaya na yi sallama a gidan Inna. Na same ta ita kaɗai a bakin murhu, ƙunshin yana kan cinyarta. Na durƙusa, gwiwa tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa, na gaishe ta tun daga farko kamar ba mu haɗu ba.

Ban kawo mata maganar doka ba. Labarin wani mai walda na ba ta, wanda muka yi zaman ɗaki ɗaya a can. An ba shi saƙo bai buɗe ba. A filin jirgi aka ga gari a leda babu suna, aka tsare shi sai an gwada. Garin bai da laifi, amma a cikinsa akwai ƙwayoyin ciwon jiki irin waɗanda a nan kowane kemis zai sayar maka, a can kuwa sai da takardar likita. Wanda ya ba shi saƙon yana gida yana barcinsa, shi kuwa mai waldan aka dawo da shi, aka kuma hana shi komawa.

Inna ta juya ƙunshin a cinyarta. Can ta ce, "Ka ga matar da ke zaune kusa da randa a gidan su Rahila, mai shuɗin mayafi?"

Na ce na gan ta.

"Uwar matar Garba ce. Auren nan ya daɗe, shiru, ko ɓatan wata. Dangin yarinya sun fara magana. Magani na nemo mishi na maza. A gabanta kake so in buɗe? Gobe duk Samaru ta ji ɗana ne mai matsala?"

Sai a lokacin na gane. Ashe tsohuwar nan ba taurin kai take yi ba, asirin ɗanta take rufewa. Na ce mata a nan babu kowa sai ni da ita da Allah, ciki kuma ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ta tashi ta ɗauko reza, ta farke ɗinkin da hannunta. Akwai hula ɗinkin hannu, da yaji, da ƙuli-ƙuli. A tsakiya ga gari iri biyu a leda, da wata 'yar kwalba ba rubutu, da ƙwayoyi ja da shuɗi da ta saya wurin mai talla a tasha, an ɓare su daga kwalinsu.

Na ce, "Inna, hula da yaji da ƙuli za su tafi. Waɗannan kuwa, in aka gan su, Rahila ce za ta kwana a hannun hukuma."

Ta ce, "To shi Garban fa? Haka zan zuba ido?"

Na ce akwai likitocin wannan a can, na san asibitin, na sha ajiye mutane a ƙofarsa. Na fara cewa Rahila ma tana iya yi masa jagora, ta katse ni. "Ƙanwarshi ce fa! Da wane ido zai dube ta?" Na ce gaskiya ne, ni zan kira shi, magana ta maza. Ta tattara maganin ta tura ƙarƙashin tabarma, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta ce in wuce mu je.

Abin da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa ba. Inna ta shiga gidan su Rahila ta ajiye hula da yaji da ƙuli a tabarma, a buɗe, kowa yana gani. Sannan ta sa aka kai mata kujera ɗakin Rahila, ta ce duk mai saƙo ya shigo shi kaɗai da abinsa. Ni da sikelina muka koma 'yan kallo. Wa zai yi mata gardama? Rabin matan nan ita ta yi musu wankan jego.

Ta ƙwace goro daga ƙunshin uwar matar Garba. Ta leƙo ta tambaye ni, na ce wata ƙasar tana ƙyale shi, wata ko ƙamshinsa ba ta so, ni kuwa ba na caca da 'yar mutane. Ta ɓantari ɗaya ta jefa a baki, ta ce to ya sami mai shi. Da aka zo kan Baba Yohanna, ya ce shi ba saƙo ya bayar ba, safa ce kawai ya saya wa 'yarsa. Inna ta zazzage safar, sai ga maganin zazzaɓi da na tari da na gudawa sun zubo. Muna tsakar gida muka ji muryarta: "Haba Yohanna! Asibiti za ta je aiki, ba daji ba!" Dattijo ya fito yana sosa ƙeya, gida ya ɗauki dariya, har Rahila da ke kuka ɗazu.

Rahila ta isa lafiya. Ta bugo mini ta ce an buɗe jakarta a filin jirgi, ma'aikacin yana nuna abu tana faɗin sunansa ɗaya bayan ɗaya, har ya gaji ya ce ta wuce. Garba ya karɓi hularsa. Na kira shi kamar yadda na yi alkawari, abin da muka tattauna kuma tsakaninmu ne.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, dokar ba ta canzawa, abin da ba a buɗe ba ba ya tafiya. Amma idan mutum ya ƙi buɗe saƙo, kada ku yi saurin ɗaukar sa mugu. Sau da yawa ba ku yake tsoro ba, idon maƙwabta yake gudu. Ku nemi ɗaki, a shiga ɗaya bayan ɗaya, ku kuma nemi tsohuwar da ba a yi mata musu a unguwar, ku gaishe ta kafin ku sauke sikeli. Ni da kwantiragi da katin zama na iya tsorata matafiyi, amma ba zan taɓa iya faɗin abin da Inna ta faɗa ba lokacin da ta zuge jakar da hannunta. Ta dafa kan Rahila ta ce, "Na goye ki ban yar da ke ba. Ba zan yar da ke a ƙasar mutane ba."