Buhun Dawar Loveth a Gidan Mamuda

Loveth 'yar kan tudu ce. Ƙauyensu na can cikin duwatsun ƙasar Shanga, inda in damina ta wuce ba a sake ganin ruwa a ƙasa sai wata shekara. Ita ce ta uku a wurin Inna Lydia, kuma tun tana ƙarama aka san ta da tsabtar da har ta yi yawa. In ƙanenta ya sha ruwa a moɗa, sai ta wanke ta ciki da baya kafin ta kai baki. A gida tsiya ake yi mata, ita ko a jikinta.

Da ta samu gurbin karatu a wata kwaleji a Yelwa ta ƙasar Yauri, Inna ta cika mata buhu da dawar kakar bana, ta ɗinke bakinsa da hannunta.

"Wannan shi ne abincinki har damina," in ji Inna. "In ya ƙare, ki tattara ki dawo gida. Babu wani a bayansa."

Ɗakunan kwanan makaranta sun cika, sai haya. Wani ɗan kabu-kabu ya kai ta gidan Mamuda, dillalin kifi da ya jera ɗakuna a bayan kwalejin, a gangaren da ya nufi bakin gulbi. Ɗaki ɗaya ya rage, na ƙarshe, mai jingine da salga. Loveth ta yatsina fuska, amma ta ga simintin a bushe yake.

"Baba, ruwa na shigowa?"

"Ruwan sama? Ai damina ta wuce, ɗiyata. Ko ɗigo ba shi sauka cikin ɗakin ga."

Ka ji irin gaskiyar da ta fi ƙarya muni. Mutum da furfurarsa ya dubi yarinya baƙuwa ya faɗa mata haka, ko idonsa bai ƙifta ba.

A kusurwar ɗakin akwai wani katako baƙi ƙirin da aka ɗora bisa bulo, sai ƙarnin kifi yake. Loveth ta ja shi waje da gefen zane a hanci, ta goge ɗakin da omo har hannunta ya yi fari, ta jingine buhunta a ƙasa. Jamila, maƙwabciyarta, ɗaliba 'yar garin, ta leƙo ta ce, "Da kin bar katakon nan." Loveth ta ce ita ba ta kwana da ƙazanta. Jamila ta ɗage kafaɗa ta wuce, don a tunaninta babu mai rai da bai san halin gulbi ba.

To, mutumin tudu ina zai sani? A wurinsu ruwa daga sama yake zuwa. A Yauri kuwa sai sama ta bushe sarai sannan gulbi ke cika, ya taso a hankali ta ƙarƙashin ƙasa, ya shiga rijiya, ya shiga rami, ya turo duk abin da ya tarar a ciki.

Wata ranar Litinin bayan Kirsimeti Loveth ta dawo daga aji da rana tsaka, tun daga ƙofar gida wari ya tare ta. Salgar ta cika ta tumbatsa. Wani ruwa mai kauri ya bi gindin bango ya shige ɗakinta, tsutsotsi na iyo a ciki, ƙudaje sun rufe ƙofar. Gindin buhun na zaune a tsakiyar abin. Loveth ta juya ta yi amai a bakin ƙofa.

Mamuda ya zo yana sakace haƙori.

"Ai kowace shekara hakanan ne. Mi ya sa kika hidda katakon? Ai bisa shi ake aza kaya."

Tir da wannan hali. Ko sannu bai ce mata ba, sai ma ya ƙara da cewa kafin zafi ya shigo ruwan zai janye.

Ita da Jamila suka jawo buhun waje suka farke shi. Na sama a bushe yake. Na ƙasa, kusan rabi, ya sha ruwan har ya kumbura. Jamila ta ce a zubar wa kaji. Loveth ta tsaya tana kallon busasshen. Ko sau ɗaya za ta riƙa ci a rana, ba zai kai ta jarrabawa ba, balle damina.

Ta ɗebo ruwan famfo ta wanke jiƙaƙƙen, ta zubar, ta sake wankewa, har yatsunta suka yi yaushi. Ta shanya shi a tabarma ya bushe, ta kai niƙa can wata unguwa inda ba a san ta ba. Da yamma ta tuƙa tuwo. Warin ya tafi, in ji Jamila, amma Loveth tana jin sa a maƙogwaro.

Ta yanki loma ke nan wayarta ta yi ƙara. Inna ce.

"Ɗiyata, ya dawar? Ta jar gonar nan ce na zaɓa miki, wadda kike so."

Loveth ta rufe ido ta haɗiye lomar, ta jira ta tabbata ta zauna.

"Tana da daɗi, Inna. Ita nake ci yanzu."