Bidiyon da Na Bari Ya Ƙone

Ni na ƙona injin bidiyon nan, ko da yake ba hannuna ne ya soka shi a wutar lantarki ba. Maigidana ne ya soka, ni kuwa ina tsaye a bayansa na kame bakina. Har gobe in hira ta yi daɗi sai ya ɗauko labarin yana yi wa kansa dariya, wai ƙauyanci ne ya kama shi. Ni ba na taya shi dariyar.

Ba a daɗe da ba mu jiha ba a lokacin. Muna zaune a Jega, ina koyarwa a firamare, shi kuma yana fataucin albasa daga Aliero. Shekarar albasar ajiya ta yi daraja, sai ya ce da an ba mu dogon hutu za mu tafi umara. Da na je Sabiyal yi wa Inna sallama, ba ta ce in kawo mata zamzam ba, ba ta ce dabino ba. Ta ce in nemo mata yayata a Jidda, in ce mata ta komo gida. Yayata ta bi mijinta can tun ina 'yar firamare. Mijin ya rasu, ita ta zauna da 'ya'ya biyar.

Mun same ta, a wani lungu mai ƙunci, ta yi furfura. 'Ya'yanta Larabci suke yi, Hausarsu kamar ta ɗan koyo. Ba ta da takardar zama, in ta fita ƙasar ba ta da hanyar shigowa, 'ya'yan kuma ba su san wata ƙasa ba sai wannan. Babban ɗanta ya aro kyamara ya ɗauke ta a ɗakin mata, maigidana yana waje wurin maza. Ina zaune gefe ta dubi kyamarar ta gaida Inna, ta nuna mata jikoki ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Inna, ki yafe mani. Ba ni komowa. Kada ki ƙara jirana."

Ita ta sayi injin bidiyon da kanta don Inna ta gan ta. Ɗan nata ya gwada mana, ya bar kaset ɗin a ciki don kada ya ɓata cikin kaya. Ya kuma ja ni gefe ya nuna mini wata jar takarda a bayan injin. Ya ce wutar ƙasarmu ta ninka ta gidansu ƙarfi, kada a kuskura a jona sai an sayi ƙaramar taransifoma an sa a tsakani. Na ce na ji.

Ranar da muka isa Sabiyal gida ya cika da 'yan barka da zuwa. Ko mayafi ban cire ba Inna ta kamo hannuna a gaban mata sun fi ashirin ta ce, "Mi tac ce?" Na dubi fuskarta. Wallahi ban shirya ƙarya ba, ji na yi kawai bakina ya ce, "Tana nan tahe, Inna, bayan aikin hajji mai zuwa." Aka ɗau guɗa. Kafin guɗar ta lafa maigidana ya aiko daga zaure cewa a gaya wa Inna har hotonta mai motsi mun zo da shi, za ta gan ta tana magana. Kai, wannan mutum da azarɓaɓi!

Sabiyal ba wuta, don haka Inna ta ɗaura ƙullinta ta biyo mu Jega. Kwana uku muna jiran masu wuta, ina addu'ar kada su kawo. Rana ta huɗu da hantsi fanka ta motsa. Maigidana ya sauko da kwalin, ya ga bakin wayar bai dace da namu ba, ya sa filaya ya lanƙwasa shi. Ba ya karanta boko. Jar takardar tana kallona, ina kallonta. Kalma huɗu ta isa: tsaya, kada ka jona. Ban faɗa ba. Ya soka, aka ji tas, hayaƙi ya fito ta bayan injin, ɗaki ya ɗauki warin ƙonanniyar roba. Inna tana bakin ƙofa ta ce, "Ba dai ɗiyata ta ƙone ba?"

Na ɗauka na huta. Ina! Ashe lokacin na shiga uku. Kunya ta kama maigidana a gaban surukarsa, ya rantse sai ya gyara abin da ya ɓata. Ya kai wa mai gyaran rediyo a kasuwar Jega, ya ce bai taɓa buɗe irinsa ba, yana tsoron tsinka kaset. Ya kai Birnin Kebbi, aka ce babu kayansa. Duk ranar da ya fita da kwalin nan ɗaure a bayan babur, roƙon Allah nake yi kada ya gyaru har ya dawo. In ya shigo yana tsaki, ni a zuciyata hamdala nake yi, sannan in ji na tsani kaina.

Inna kuwa ta ƙi komawa. Ta ce ba ta tafiya sai ta ga ɗiyarta. Ina dawowa daga makaranta zan tarar da ita a tsakar gida tana jirana da tambaya. Ta rame ko ta yi jiki? Ta mota za ta iso ko ta jirgi? Da yaran duka? Kowace tambaya sai na ƙera mata amsa, kuma dole in riƙe abin da na ce jiya. Ta aika Sabiyal a yaɓe ɗakin da yayata ta tashi a ciki. Ta aika a sayi tunkiya a turke. Wata rana haushi ya cika ni na daka mata tsawa, na ce haba Inna, ni kaɗai ce ba ɗiya ba da ba ki da zance sai nata? Sai ta ce in yi haƙuri. Ita ce ma ke ba ni haƙuri! Na shiga ɗaki na yi kuka. Sau nawa na buɗe baki zan faɗa mata gaskiya, sai in tarar tana lissafa wa maƙwabciya watannin da suka rage, in mai da maganata ciki.

A wata na huɗu maigidana ya kai injin Sakkwato. Ya dawo da la'asar yana washe baki. Injin dai ya mutu, amma wani mai gyara ya kwance shi ya zaro kaset ɗin lafiya lau, ya ce kowane bidiyo na nan gida zai ɗauka. Ya riga ya biya ta gidan wani abokinsa ɗan Maiyama ya aro nasa. Akwai wuta. Ya jona komai da talabijin ɗinmu, ya nuna mini inda zan danna, sannan ya fita, don ba ya zama ɗaki ɗaya da Inna. Ya bar ni da ita.

Na yi tunanin in rage murya in ce sautin ne ya lalace. Hannuna har ya kai. Amma na gaji, wallahi na gaji. Na danna na koma bakin gado.

Hoton ya fito fari da baƙi, yana ɗan rawa. Inna ta matsa har gwiwarta ta taɓa teburin. Da yayata ta yi sallama ta amsa mata da ƙarfi. Tana nuna jikoki, Inna tana sa masu albarka ɗaya ɗaya, tana shafa gilashin. Sai aka zo wurin. Na sunkuyar da kai, na ji maganar ta fito tiryan-tiryan yadda na ji ta a Jidda.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta ce in mayar baya ta sake ji. Na mayar. Ta ji na biyu, sannan ta juyo.

"Kina wurin sadda tay yi wagga magana?"

"Ina wurin, Inna."

"To. Kashe shi."

Da safe ta ce a kai ta tasha. Ba ta zage ni ba, ba ta kai ƙarata wurin kowa ba, ko maigidana bai ji daga bakinta ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta ci gaba da karɓata in na je Sabiyal, tana ba ni fura, tana tambayar yara. Sai dai daga ranar har ta bar duniya, duk labarin da na kai mata, ko da cewa na yi an yi ruwa a Jega, sai ta saurare ni har in gama, sannan ta juya ga duk wanda ke kusa ta ce, "Hakanan na?"